Fashin Baƙi: Mene Ne Shinto, Kuma Me Ya Sa Japanawa Ke Yin Sa Suna Cewa Ba Su Da Addini?

Ta yaya za a ce yawancin mutanen wata ƙasa ba su da addini, alhali a cikinta akwai wuraren bauta kusan 80,000 na addini guda, kuma miliyoyin jama'a na tururuwa zuwa cikinsu a duk farkon shekara? Wannan ita ce tambayar da ke ɗaure wa mutane kai game da Japan da addininta na gado, wato Shinto. A kwanaki 3 na farkon watan Janairu, kimanin mutum miliyan 3 ne ke shiga Meiji Jingu, wani wurin bauta da ke tsakiyar birnin Tokyo, wasunsu bayan sun shafe sa'o'i a kan layi cikin sanyin dare. Amma a binciken da kafar yaɗa labarai ta NHK ta gudanar a 2018, kashi 62 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun ce ba su bin kowane addini, kashi 31 sun ce addinin Budda suke bi, kashi 3 kacal ne suka ambaci Shinto. A ɗaya gefen kuma, alƙaluman da Hukumar Kula da Al'adu ta gwamnatin Japan ke fitarwa sun nuna mabiya Shinto sun haura miliyan 80, har ma idan aka haɗa mabiyan dukkan addinai sai jimillarsu ta zarce yawan mutanen ƙasar gaba ɗaya, wanda ke kusa da miliyan 124.

Babu na ƙarya a cikin waɗannan alƙaluma. Binciken NHK ya tambayi mutum abin da ya yi imani da shi, su kuwa wuraren bauta suna ƙirga duk mazauna unguwar da ke ƙarƙashin kulawarsu, ko sun taɓa tunanin imani ko ba su taɓa ba. Sunan Shinto kuma yakan shigo labaran duniya ta wata ƙofa dabam, duk ranar 15 ga Agusta, ranar tunawa da miƙa wuyar Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, idan wani minista ya ziyarci Yasukuni, wurin bautar da ake girmama sojojin Japan da suka mutu a yaƙi, Sin da Koriya ta Kudu suka yi tir da ziyarar. Maganar ta sake tasowa a Oktoban 2025, lokacin da Sanae Takaichi, wadda ta daɗe tana ziyartar wurin, ta zama mace ta farko da ta hau kujerar firaminista. Abu guda ne ya haɗa waɗannan fuskoki biyu, shi ne furucin nan da Japanawa ke yawan yi cewa wannan al'ada ce, ba addini ba. A bakin talaka furucin yana bayyana gaskiyar yadda yake ji. A bakin gwamnati kuwa ya taɓa zama makami.

Mene ne kami?

Ma'anar Shinto ita ce hanyar kami. Ba shi da wanda ya kafa shi, ba shi da annabi, ba shi da saukakken littafi, ba shi da ranar taron mako-mako, kuma babu wata kalma da mutum zai furta ya shiga cikinsa. Tsofaffin littattafan da ake komawa gare su, Kojiki na shekarar 712 da Nihon Shoki na 720, fadar sarki ce ta sa aka tattara su domin su ba da labarin asalin tsibiran Japan da tsatson gidan sarauta, kuma babu wanda ke karanta su a gida da niyyar ibada.

Kami ba shi ne Mahalicci guda ɗaya, wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe, irin yadda Musulmi da Kirista suka sani ba. Masanin nan Motoori Norinaga, wanda ya rasu a 1801, ya bayyana kami a matsayin duk wani abu da ya fita daga sahun abubuwan yau da kullum har yake sa mutum kwarjini da tsoro, ko mai alheri ne ko mai cutarwa. Saboda haka rana kami ce, ita ce Amaterasu, wadda gidan sarautar Japan ke danganta asalinsa gare ta. Dutse na iya zama mazaunin kami: a wurin bautar Omiwa da ke Nara babu babban ɗakin da ake ajiye alamar kami, domin dutsen Miwa da ke bayan ginin shi ne abin fuskanta. Ruwan da ke zubowa daga tsauni a Nachi, da tsohuwar bishiyar da aka zagaye da igiyar karan shinkafa, duk suna cikin lissafi. Mutum ma yakan zama kami bayan mutuwarsa. Sugawara no Michizane malami ne kuma babban bafade da makirci ya sa aka kore shi zuwa Dazaifu, inda ya mutu a 903. Da bala'o'i suka yi ta aukuwa a babban birni bayan mutuwarsa, sai fada ta ɗauka fushinsa ne, aka gina masa wurin bauta domin a lallashe shi, kuma shi ne Tenjin, kamin ilimi da ɗalibai ke roƙo a yau. Japanawa kan ce kami miliyan 8 ne, abin da suke nufi shi ne ba su ƙirguwa. A labaransu ana haihuwar kami, suna yin aure, suna kuskure, suna fushi, suna ɓuya.

Ga mai tauhidi hukuncin wannan a fili yake, bautar wanin Allah ce, kuma babu amfanin yin kewaye-kewaye a kan haka. Sai dai sanin hukuncin abu dabam, fahimtar yadda yake tafiyar da rayuwar wata al'umma dabam, kuma na biyun ne ake nema a nan.

Tsarki ya fi aƙida nauyi

Wanda ke son ya gane Shinto ya dubi abin da mutum ke yi idan ya isa jinja, wato wurin bauta. Da farko zai tarar da torii, ƙofar nan mai ginshiƙai biyu da katako biyu a gicciye a sama, wadda ba ta da ƙyaure kuma ba ta hana kowa shiga, aikinta kawai ta nuna cewa daga nan an shiga haramin kami. Zai ɗan rusuna ya wuce ta gefe, domin tsakiyar hanya ta kami ce. Daga nan sai ya nufi kwarmin ruwa, ya ɗebo da ludayi mai dogon mariƙi, ya wanke hannun hagu, ya wanke na dama, ya zuba kaɗan a tafinsa ya kurkure baki ba tare da ludayin ya taɓa leɓensa ba, sannan ya miƙar da ludayin tsaye domin ragowar ruwan ya wanke mariƙin. Mai kallo daga cikinmu zai tuna da alwala, amma kamar ta tsaya ne a ganin ido. A gaban babban ɗaki zai jefa tsabar kuɗi a akwati, sau da yawa yen 5, ya kaɗa ƙararrawa idan akwai, ya sunkuya sau biyu, ya tafa hannu sau biyu, ya yi shiru yana roƙo a zuci, ya sake sunkuyawa sau ɗaya ya juya. A Izumo, ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren bauta, sau huɗu ake tafawa. Duk abin ba ya kai minti guda, kuma babu wanda zai tambaye shi abin da ya gaskata.

Tushen wannan wanke-wanke yana cikin labarin Izanagi, kamin da ya bi matarsa Izanami zuwa ƙasar matattu, ya ga yadda jikinta ya ruɓe, ya gudo ya faɗa ruwa ya yi wanka, kuma daga wankin idonsa na hagu ne aka ce Amaterasu ta fito. Daga nan aka gina tunanin kegare, wato ƙazantar da ke manne wa mutum idan ya kusanci mutuwa, jini ko cuta. Kegare ba zunubi ba ne irin na wanda ya saɓa wa umurni, yana iya samun mutum ba da laifinsa ba, kuma maganinsa shi ne harae, wato tsarkakewa, ba tuba ba. Sau biyu a shekara, a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, ana yin babban tsarkakewa, inda mutane ke shafa wata 'yar takarda mai siffar mutum a jikinsu, su hura mata numfashi, a tattara a zuba a ruwa ko a ƙona. Gishirin da 'yan kokawar sumo ke watsawa a fili kafin su kama, da wanda ake tarawa a ƙofar wasu gidajen abinci, da wanda wasu ke yayyafa wa jikinsu idan sun dawo daga jana'iza, duk daga wannan tunani suka fito.

Masu suka kan ce addinin da ba shi da jerin umurni da hani ba shi da tarbiyya. Malaman Shinto na amsawa da cewa abin da ake nema ga mutum shi ne makoto, wato zuciya mai gaskiya, tare da godiya ga kami da kakanni da zaman lafiya da jama'a. Gaskiyar tarihi ita ce mafi yawan ƙa'idojin ɗabi'a da Japanawa ke bi sun samo su ne daga koyarwar Konfushiyas, tsohon malamin ƙasar Sin, da ta Budda. Abin da Shinto ya fi damuwa da shi shi ne wannan rayuwar: lafiya, amfanin gona, ciniki, haihuwa da kariya daga masifa. Maganar lahira kaɗan ce ƙwarai a cikinsa.

Rabon aiki da addinin Budda

Addinin Budda ya shigo Japan daga Koriya a ƙarni na 6, kuma maimakon ɗaya ya kawar da ɗaya, sai suka cakuɗe har fiye da shekara 1,000. An riƙa gina haikalin Budda a harabar jinja, ana kuma ɗaukar kami a matsayin wata siffa da Budda ya bayyana da ita a Japan. Har yanzu akwai gidajen da za ka tarar da kamidana, ɗan kantar kami da ake kafawa a saman bango ana ajiye masa shinkafa da ruwa da gishiri, a wani ɗakin kuma ga akwatin Budda na tunawa da mamatan gidan.

Da yake Shinto na ƙyamar mutuwa, sai aikin ya rabu da kansa. Jariri idan ya kai kamar wata guda ana kai shi jinja a gabatar da shi ga kamin unguwa. A tsakiyar Nuwamba ana yin Shichi-go-san, inda ake yi wa yara masu shekara 3 da 5 da 7 ado a kai su neman albarka. Jana'iza kuwa, mafi yawanta limaman Budda ne ke yin ta. Aure ya fi ban mamaki, domin ɗaurin aure a jinja bai yaɗu ba sai bayan bikin yarima mai jiran gado a 1900, kuma a 'yan shekarun nan ma'aurata da dama sun fi son biki irin na coci, da farar riga da waƙoƙi, duk da cewa Kiristoci ba su wuce kusan kashi 1 cikin ɗari na al'umma ba. Shi ya sa ake cewa Bajapane ana haifarsa a Shinto, ya yi aure a coci, a yi masa jana'izar Budda. Idan aka tambaye shi addininsa ya ce ba shi da shi, abin da yake nufi shi ne bai yi wa wata ƙungiya mubaya'a ba.

Lokacin da gwamnati ta karɓe shi

A 1868 aka kifar da mulkin sojan gidan Tokugawa aka maido da iko ga Sarki Meiji, kuma sabbin shugabannin na neman abin da zai ɗinke ƙasa wuri guda a gaban barazanar Turawa. Suka ba da umurnin raba kami da Budda, abin da ya jawo rushe haikalai da fasa gumaka a sassa da dama. Kundin tsarin mulki na 1889 ya ba da 'yancin addini, muddin bai saɓa wa wajibin talaka ga sarauta ba. Nan ne dabarar ta shigo: gwamnati ta ce bautar da ake yi a jinja ba addini ba ce, hidimar ƙasa ce, don haka tilasta wa mutum yin ta bai taɓa 'yancinsa ba. A 1900 aka ware wa wuraren bauta ofishinsu dabam da na addinai. Daga 1906 aka shiga haɗe ƙananan jinja na ƙauyuka, dubun-dubatarsu suka ɓace tare da kurmin da ke kewaye da su, wanda ke nuna cewa Shinton gargajiya na manoma ma ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun Shinton gwamnati.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu aƙidar da ba ta yarda da sunkuya wa wanin Ubangijinsu ba. A 1932 wasu ɗalibai Kiristoci na Jami'ar Sophia da ke Tokyo sun ƙi yin sunkuyo a Yasukuni, rikicin ya girma, har daga bisani hukumomin cocin Katolika suka amince da bayanin gwamnati cewa abin nuna kishin ƙasa ne kawai. A Koriya, wadda Japan ta mulka daga 1910 zuwa 1945, an gina babban wurin bauta a Seoul a 1925, an tilasta wa 'yan makaranta zuwa, an rufe makarantun mishan da suka ƙi, an ɗaure limaman coci, wasu sun mutu a kurkuku. A cikin Japan ma an murƙushe ƙungiyar addini ta Omoto a 1921 da 1935, duk da cewa daga Shinto ta tsiro. An koya wa yara cewa sarki jikan rana ne, kuma mutuwa dominsa ita ce ƙololuwar daraja.

Bayan shan kaye a Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar mamaya da Amurka ke jagoranta ta fitar da umurni a ranar 15 ga Disamba 1945 wanda ya yanke duk wata alaƙa tsakanin gwamnati da jinja. A ranar 1 ga Janairu 1946 Sarki Hirohito ya fitar da sanarwar da ta nesanta shi daga iƙirarin cewa shi kami ne a siffar mutum. A shekarar ne aka kafa Jinja Honcho, ƙungiya mai zaman kanta da yawancin wuraren bauta ke ƙarƙashinta. Kundin tsarin mulki na 1947 ya hana gwamnati gudanar da harkar addini a sashe na 20, ya kuma hana kashe kuɗin jama'a a kanta a sashe na 89. Wanda bai san wannan tarihi ba ba zai gane dalilin da ya sa 'yar ƙaramar kyauta ga jinja ke iya kaiwa har Kotun Ƙoli ba.

Rikicin Yasukuni

An kafa Yasukuni a 1869 domin girmama waɗanda suka mutu suna yi wa sarki yaƙi. Babu gawa ko ƙashi a cikinsa, sunaye ne aka rubuta na mutum kusan miliyan 2.5, waɗanda aka ɗauka sun zama kami. A 1978 shugabannin wurin suka shigar da sunayen mutum 14 da ke cikin manyan waɗanda aka gurfanar kan laifukan yaƙi, ciki har da Hideki Tojo, firaministan lokacin yaƙi, ba tare da an sanar da jama'a ba. Hirohito bai sake zuwa wurin ba tun 1975, kuma ɗansa Akihito da jikansa Naruhito ba su taka shi ba a matsayinsu na sarakuna.

Masu goyon bayan ziyarar na cewa kowace ƙasa na da haƙƙin tunawa da sojojinta, kuma mafi yawan sunayen na talakawa ne da aka ɗauka aikin soja ba da zaɓinsu ba, iyalansu kuma nan suke zuwa su gaishe su. Masu adawa, a Sin da Koriya da cikin Japan kanta, na cewa shugaban da ya sunkuya a wurin ya sunkuya wa waɗanda suka shirya mamayar maƙwabta, suna kuma nuni da gidan tarihin da ke harabar, wanda ke gabatar da yaƙin ta fuskar da ke sassauta laifin Japan. Ziyarar Yasuhiro Nakasone a 1985, da ta Junichiro Koizumi a kowace shekara daga 2001 zuwa 2006, da ta Shinzo Abe a Disamban 2013, duk sun dagula hulɗa da maƙwabta, ta Abe ma har Amurka ta ce ba ta ji daɗinta ba. Akwai ɓangare na uku da ba a cika jin muryarsa ba: dubban 'yan Koriya da Taiwan da aka ɗauka a rundunar Japan suna cikin jerin, haka ma wasu Kiristoci da mabiya Budda, kuma iyalan da suka nemi a cire sunayen 'yan uwansu an ce musu wanda aka shigar ba ya fituwa, kotuna ma ba su ba su gaskiya ba. A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi cancantar tausayi, domin an mayar da mamacinsu abin bauta a addinin da bai zaɓa ba.

Kuɗin jama'a da hukuncin kotu

A 1965 birnin Tsu ya biya ƙasa da yen 8,000 domin limaman Shinto su yi jichinsai, bikin lallashin kamin fili kafin a aza harsashin gini, a wurin da za a gina zauren wasanni. Wani kansila ya kai ƙara, kuma a 1977 Kotun Ƙoli ta ce bikin ya zama al'adar magina, bai saɓa wa tsarin mulki ba. A 1997 kotun ta yanke akasin haka kan jihar Ehime, wadda ta riƙa aika wa Yasukuni kyautar kuɗi daga baitulmali. Da Naruhito ya hau gado a 2019, an yi Daijosai a watan Nuwamba, bikin da sabon sarki ke miƙa wa kami sabuwar shinkafa ya kuma ci tare da su, aka biya da kuɗin jama'a, duk da cewa ƙanensa Yarima Akishino ya fito fili a 2018 ya nuna shakku kan dacewar hakan. Akwai kuma ƙungiyar siyasa ta Shinto da aka kafa a 1969, wadda ke da kusanci da 'yan majalisa masu yawa na jam'iyyar LDP, wadda ta daɗe tana mulkin Japan. Ba kowane limami ne ke tare da manufofinta ba, kuma mai zuwa neman sa'ar jarrabawa bai ma san da ita ba.

A ofis, a makaranta, a kan titi

Ci gaban zamani bai kori Shinto ba, sabbin ayyuka ya ba shi. A ranar farko ta komawa aiki a Janairu, shugabannin kamfanoni da ma'aikatansu sanye da kwat kan cika Kanda Myojin a Tokyo suna neman albarkar ciniki, kuma da yake wurin na kusa da kasuwar kayan lantarki ta Akihabara, har layar kare kwamfuta ake sayarwa. A Fushimi Inari da ke Kyoto, dubban jajayen torii da suka jeru a kan dutse kamfanoni da 'yan kasuwa ne suka ba da su, kowanne da sunan mai shi a rubuce a baya, domin Inari, kamin shinkafa, ya zama kamin kasuwanci. Wanda ya sayi sabuwar mota yakan kai ta a buɗe ƙofofinta limami ya kaɗa mata sanda mai fararen takardu. A lokacin jarrabawar shiga jami'a, allunan katako da ake kira ema kan cika rataye a wuraren bautar Tenjin, kowanne da sunan makarantar da ɗalibi ke buri. Layar omamori kuma ana mayar da ita bayan shekara a ƙona a karɓi sabuwa, wanda ke cikin hanyoyin samun kuɗin jinja tunda gwamnati ba ta ɗaukar nauyin gudanar da su.

A ƙasashen waje ana yawan tallata Shinto a matsayin addinin kare muhalli. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin kurmin jinja ya tsira a biranen da siminti ya cinye, kuma dajin Meiji Jingu da hannu aka dasa shi da bishiyoyi kimanin 100,000 da jama'a suka bayar lokacin buɗe shi a 1920. Amma ƙasar ce kuma ta ga gubar masana'anta ta nakasa mutanen Minamata daga shekarun 1950, don haka girmama kamin kogi bai hana a zuba wa ruwa guba ba. Abin da ya fi burge ni shi ne Ise, wurin bautar Amaterasu, inda duk bayan shekara 20 ake gina sabon ɗaki na katako da jinka a filin da ke gefe, a kwashe kayan bauta a mayar can, a warware tsohon. An fara wannan a 690, an yi karo na 62 a 2013, ana shirin na gaba a 2033. Tazarar shekara 20 na ba kafinta damar yin aikin yana almajiri, ya sake yi yana gwani, ya kuma koyar da na bayansa, ta haka sana'ar ba ta yanke ba.

Matsayin mata

A Afrilun 2018 magajin garin Maizuru ya yanke jiki ya faɗi a cikin filin sumo yana jawabi, wasu mata suka ruga suna ba shi agajin gaggawa, sai aka yi ta shela a lasifika cewa mata su fita daga filin. Hukumar sumo ta nemi afuwa, amma dokar hana mata shiga filin na nan, kuma tushenta tunanin kegare ne game da jini. Tsibirin Okinoshima mai tsarki a Shinto, wanda UNESCO ta saka a jerin wuraren tarihi a 2017, shi ma ba ya karɓar mata. Duk da haka babbar kamin Shinto mace ce, akwai mata limamai tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ƙanwar sarki, Sayako Kuroda, ita ce ke riƙe da babban muƙamin bauta a Ise tun 2017.

Ƙauyuka na tsufa

Barazanar da ta fi girma ba ta siyasa ba ce. Limamai ba su wuce dubu ashirin da 'yan kai ba a kan wuraren bauta kusan 80,000, don haka a karkara limami ɗaya na iya kula da jinja goma ko fiye, yana haɗawa da wani aikin albashi. Matasa sun koma birane, haihuwa ta ragu, har wasu ƙauyuka sun rasa samarin da za su ɗauki mikoshi, akwatin kamin da ake zagaya gari da shi a kafaɗa ranar biki. Manyan wurare na ƙara cika da baƙi, ƙananan kuma rufinsu na zubewa.

Ga wanda ke zaune a cikinsu ba ya bin addininsu

Baƙi kusan miliyan 37 ne suka shiga Japan a 2024, kuma an samu ƙorafe-ƙorafe kan masu ɗaukar jinja kamar wurin wasa, har a Nuwamban shekarar aka kama wani Ba'amurke da ya karce haruffa a jikin torii na Meiji Jingu. Musulmi ko Kiristan da karatu ko kasuwanci ya kai shi can zai iya shiga haraba ya kalla cikin natsuwa, babu mai tilasta masa sunkuyo ko tafi, kuma babu mai jin haushi idan ya tsaya a gefe. Ya dai sani cewa abin shan da ake miƙawa a ƙaramin kofi bayan biki giyar shinkafa ce, kuma abokin aikin da ya ba shi omamori fatan alheri yake nufi, don haka bayani cikin ladabi ya fi ƙi da gatsali.

Wahalar ta fi fitowa a inda ake yin abu a ƙungiyance: kamfani ya tafi ziyarar sabuwar shekara gaba ɗaya, ko a yi jichinsai a wurin gini, ko ƙungiyar unguwa ta haɗa kuɗin bikin jinja a cikin harajinta na wata-wata. A 2002 wata kotu a Saga ta goyi bayan wasu mazauna unguwa da suka ƙi biyan irin wannan kuɗi, ta ce karɓarsa a dunƙule ya taɓa 'yancinsu na addini. Sashe na 20 na kundin tsarin mulki ya faɗa ƙarara cewa ba za a tilasta wa kowa shiga wani aiki ko biki na addini ba, kuma kariyar ta haɗa da baƙon da ke zaune a ƙasar. Abin da ya rage wa ma'aikaci ko ɗalibi shi ne ya sanar da shugabansa tun kafin ranar, domin mafi yawan abokan zamansa ba su taɓa ɗaukar abin a matsayin ibada ba, kuma ba za su san yana da dalilin tsayawa a gefe ba sai ya faɗa musu.